Ranar da Tove Ta Maƙale a Zaure

Ka tambayi kowa a Sildevig wa ya shigar da Verner coci, za a ce maka ikon Allah ne. Ni ban musa ba. Amma dai a rubuta cewa ni na riƙe sukudireba.

Verner kakana ne, baban mamata. Masunci ne tun yana ɗan mitsitsi har gwiwoyinsa suka ce sun yi ritaya. Ni kuma Esben, mai rumfar nan ta bakin kwatar jiragen ruwa mai jan rufi, inda ake sayar da soyayyen kifi da askirim. Tsohon bai taɓa yafe mini wannan sana'a ba. A wurinsa, a ce jikan masunci yana tsaye a tudu yana tambayar 'yan yawon buɗe ido "cokali ɗaya ko biyu?" abin kunya ne ga zuriya kaf. Ba ya ma kiran sunana. Mai Askirim yake ce mini. Ni kuwa na ce masa Kaftin, duk da cewa jirgi mafi girma da ya taɓa tuƙawa bai kai motar kwasar shara tsawo ba.

Cocinmu, kamar kowane cocin masunta, yana da ƙaramin jirgin ruwa rataye a tsakiya, hancinsa yana kallon bagade. Na da ya fi shekara ɗari yana lilo a wurin, tsutsar katako tana cin cikinsa ba wanda ya sani. Sai wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi ankarsa ta ɓalle, ta sauko ƙwal a tsakiyar sanƙon Orla. Orla abokin Kaftin ne tun suna aji ɗaya, wato ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Har gobe yana nuna wa mutane tabon, wai shi kaɗai ne a garin nan jirgi ya taɓa yada zango a kansa.

Kakata Tove ce ke shirya furannin coci a lokacin. Ita ta share tarkacen. Da ta dawo gida ta ce wa mijinta, "Kai za ka yi sabo. Kuma ba aikawa za ka yi ba, da ƙafarka za ka raka shi har ƙarƙashin ƙugiya." Ya ce to, kamar yadda yake cewa to a kan duk abin da ta faɗa, don ya samu ya ci abincinsa lafiya.

Kafin ya yanka katako na farko, ta rasu.

Tun ranar da aka fito da akwatinta daga cocin nan, Kaftin bai ƙara tsallake ƙofar ciki ba. Ba wai ya daina zuwa ba ne. Duk Lahadi zai sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya hau tudun, ya shiga zaure, ya zauna a kan bencin dutse, hularsa a gwiwa. Daga nan yake jin waƙa, daga nan yake jin wa'azi, kafin a ce amin ta ƙarshe ya riga ya kai kwata. Fasto Solvej ta yi lallashi har ta gaji. Mamata ta yi kuka. Ni na gwada da wasa, na ce masa in kuɗin baiko yake gudu zan ranta masa, ya jefe ni da takalmi. A ƙarshe gari ya ƙyale shi. Gudrun mai kula da coci da maƙabarta ma har ta ajiye masa matashi a kan bencin.

Amma jirgi kam ya yi shi. Damuna da sanyi yana kulle a shagon bayan gida, yana sassaƙa yana zagin tabarau. Kowace igiya da hannunsa ya murɗa, kowane ƙulli irin na gaske ne, sai dai ƙarami kamar na gizo-gizo. Jigo uku a tsaye, wato dogayen sandunan da ake ɗaura wa ƙyallen iska, na tsakiyar ya kusa kai ni tsawo. A goshinsa ya rubuta TOVE da ruwan zinariya, daga nan jirgin ya zama "ita".

"Kaftin, wannan ai ba na ratayewa ba ne," na ce masa ranar da ya bar ni na leƙa. "Wannan a sa mata inji kawai mu fara jigilar fasinja."

"Na cocin mutanen tsallaken ruwa fa? Ka gan shi? Kamar kwanon wanki. Namu sai ya ninka shi."

"To ka auna ƙofa dai ko?"

Ya zaro wata igiya daga aljihu, mai ƙulli a baki. "Tun kana tsotsar yatsa nake auna abubuwa, Mai Askirim. Har da rarar tafin hannu na bari."

Wa ya isa ya yi gardama da igiya?

To ga inda gizo ke saƙar. Shi cocin namu ba rana ɗaya aka gina shi ba, ƙara masa aka yi ta yi kamar miyar kifin gidan yawa. Tsakiyarsa ita ce ta asali, ta duwatsun da manoma suka tsinto daga gonakinsu shekara ɗari takwas da suka wuce, kuma ga dukkan alamu mutanen wancan zamani gajeru ne ko kuma suna son sunkuyo. Daga baya aka jingina masa hasumiyar jan bulo mai kai kamar matakala, wadda muke shafa wa farar ƙasa duk bazara don masunta su riƙa hango gida daga nesa. Ƙofar arewa, ta mata a da, an toshe ta tun kafin a haifi kakan kakana, sai zanenta a bango. Zaure shi ne auta. An gina shi a shekarun da kifi ya yi wa garin ambaliya, kowa yana jin kansa attajiri, shi ya sa aka yi masa doguwar ƙofa ta nuna isa. A nan maza ke jingine gatari da wuƙa kafin su shiga, don kada a ƙarasa faɗan kasuwa a gaban Allah. Ƙofa biyu ke nan: ta zaure, doguwa, sannan ta ciki, tsohuwar, mai lanƙwasasshen kai. Kowane yaro a garin ya san wannan. Ni ma na sani. Ban dai haɗa ɗaya da ɗaya ba.

Ranar kai jirgi gari ya tashi kamar ana bikin sarauniya. Tuta ja da fari a kowace taga. 'Yan badujala sun goge ƙahonninsu har suna ɗaukar ido, ko da yake goge ƙaho bai taɓa gyara busa ba. Na rufe rumfata a ranar da rana ta fito tar, a gane irin sadaukarwar da na yi.

Mu huɗu ne 'yan ɗauka. Ni da Orla a gaba, tagwayen nan masu gyaran raga, Palle da Ebbe, a baya. Tove tana zaune a kan gadon katako mai sanduna biyu, sandunan a kafaɗunmu. Kafin mu ɗaga, Orla ya juyo ya tsare ni da ido.

"Yaro, faɗo dokokin."

"Kada ta taɓa ƙasa."

"Don me?"

"Jirgin da ya hau tudu ya gama yawo."

"Sai me?"

"Kada ta ja da baya. Kada ta karkata. Kada a tsaya sayen giya a hanya."

"Ta ƙarshen nan ba ta ciki."

"Na ƙara ne saboda kai, Baba Orla."

"Verner, ka ji ɗan 'yarka ko? Bakin nan nasa sai ya sa an jefa shi a ruwa wata rana."

"Ba zai nutse ba," in ji Kaftin. "Fanko ne."

Muka kama hanya. Kai, ka ga mutane! Yara suna bin mu da gudu, tsofaffin mata suna share ido, karen mai burodi yana haushi a kan kiɗa. Har mutanen tsallake sun shigo jirgin safe don su gani da idonsu, suna tsaye gefe sun harɗe hannu, fuska kamar sun sha ruwan tsami. Kaftin yana tafe a gefenmu, hannu ɗaya a sama kusa da cikin jirgin, bai taɓa ba kuma bai sauke ba. Tunda nake ban taɓa ganin ƙirjinsa a gaba haka ba.

"A hankali! Orla, ka daidaita kafaɗa, ba buhun dankali ka ɗauko ba."

"Kafaɗata ce ko taka?"

"Da tawa ce da tuni mun isa."

Jama'a suka riga mu shiga coci suka zauna, haka al'adar take, a tarbi jirgi daga ciki. A bakin zaure muka sauke sandunan daga kafaɗa zuwa hannu. Tove ta shige doguwar ƙofar sumul, da rarar tafin hannu cif kamar yadda igiya ta faɗa. Kaftin ya kalle ni ya ɗaga gira.

Daga ciki kiɗan ogan, babban piyanon coci, ya tashi, jama'a suka ɗauki waƙa. Muka yi taku uku.

Orla ya tsaya cak. Ni ma na tsaya. Tagwaye suka kusa hawa bayanmu.

"Me kuma?" in ji Palle daga baya.

Ƙofar ciki tana gabanmu a buɗe, gajeriya, ƙunci, tana kallonmu kamar ba ruwanta. Na dubi kan jigon tsakiya. Na dubi lanƙwasar ƙofa. Ko makaho ya san ba za a daidaita ba.

"Ku sauke hannu ƙasa sosai," in ji Kaftin. Muryarsa ta canja.

Muka durƙusa har sandunan suka kusa shafar daɓe. Ina! Muka cire ta daga kan gadon ma gaba ɗaya, muka tallafe ta da hannu, Gudrun ta janye gadon gefe. Muka sake gwadawa, gindinta yana gab da ƙasa. Saura kamar faɗin yatsu huɗu. Yatsu huɗu kacal, amma dutse ba ya ragi.

Orla ya ɗago, jijiyar wuyansa a miƙe. "Verner. Wace ƙofa ka auna?"

Kaftin ya zaro igiyar nan, ya dube ta, ya mayar aljihu. Kuma ba wanda ya sake tambaya, don duk mun gane. Mutumin da duk Lahadi tafiyarsa ke ƙarewa a benci, a wurinsa ƙofar coci guda ɗaya ce.

A ciki aka gama waƙa. Kowa ya waiwayo. Sai mai ogan, baiwar Allah, ta koma baiti na farko.

Fasto Solvej ta leƙo. Tana cikin baƙar rigarta da farin kwalan nan mai faɗi da ke sa kan mutum ya zama kamar an ɗora shi a faranti.

"Lafiya? Ana jiranku fa."

"Fasto, mun maƙale," na ce. "Ki ce su ƙara baiti."

"Mu ɗan koma waje mana mu yi shawara."

"Baya?" in ji tagwaye a tare.

"To ku ajiye ta ku huta."

"A ƙasa?" in ji Orla. "Fasto, da ma kin ce mu cinna mata wuta."

Ta yi ajiyar zuciya. 'Yar birni ce, amma ta daɗe da mu har ta san inda ake tsayawa. Ta ɗan karkatar da kai tana nazarin ƙofar. "Amma ai jirgi a teku yana ɗan jirkicewa idan iska ta buso. In kuka ɗan kwantar da ita kaɗan…"

Mutum huɗu suka ja numfashi lokaci guda, har da Gudrun wadda ko kwale-kwale ba ta taɓa shiga ba.

"Ban faɗa ba," in ji Fasto da sauri. "Ku ɗauka ban faɗa ba."

Palle ya ce akwai ƙaramin zarto a motarsa, a ɗan rage kan jigon, wa zai lura daga ƙasa? Kaftin ya ce ya fara da wuyansa tukuna. Ebbe ya ce to a ɗan sassaƙe dutsen ƙofar. Gudrun ta ce dutsen nan ya ga annoba, ya ga yaƙi, ya ga auren iyayensu, kuma duk wanda ya kusanto shi da guduma ita da kanta za ta haƙa masa rami, kyauta. Orla bai ba da shawara ba, yana fama da bayansa, yana kiran sunayen waliyyan da aka daina kira a cocin nan tun zamanin Luta mai gyaran addini.

Waƙa ta ƙare karo na biyu. Ogan ya sake komawa farko. Wani daga mutanen tsallake ya yi dariya a waje, na ji shi sarai.

Sai Kaftin ya zauna a kan bencinsa, a kan matashinsa. Ya ɗora hula a gwiwa.

"Ku bar ta nan," ya ce a hankali. "Akwai gungume a rufin zauren nan. A sa ƙugiya, a rataye ta. Ai nan ma coci ne."

Na dube shi ta ƙarƙashin igiyoyin jirgi. Abin da ya ba ni tsoro, ba baƙin ciki na gani a fuskarsa ba. Sauƙi na gani. Tsohon ya samu mafita: shi a benci, Tove a samansa, su biyu a zaure har abada, alkawari ya tsaya a bakin ƙofa. Kuma na san mutanenmu, don tausayi za su ce to.

Na sunkuyar da kai ina neman abin faɗa, sai idona ya faɗa kan abin da nake takawa. Katakon gangare. Wanda aka shimfiɗa a bakin ƙofar ciki bayan rasuwar Kaka, saboda keken guragun Ingeborg, tsohuwar malamarmu ta firamare. Katako mai kauri, an ɗaure shi da kusoshi masu murɗi, ya rufe dokin ƙofa ruf.

Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashinsa, don tafkina ne. Ina ƙarami, idan Kaka tana jera furanni ranar Asabar, a nan take ajiye ni. Dokin ƙofar dutse ne guda, tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi. Sai ta zuba mini ragowar ruwan furanni a cikin lotsawar, ta ba ni ɓawon gyaɗar turawa da tsinken ashana, in yi ta tuƙi har ta gama. Na taɓa tambayarta wa ya haƙa. Ta ce ba wanda ya haƙa, ƙafafun mutane ne suka cinye shi, kowa ya shigo ya tafi da ɗan kaɗan a tafin takalminsa.

Lotsawar a tsakiya take. Ƙashin gindin jirgi a tsakiya yake. Jigo a tsakiya, inda ƙofar ta fi tsawo ma a tsakiya.

"Kaftin," na ce, "idan jirgi ya zo gada, jigo ya hana shi wucewa, me ake yi?"

"A jira ruwa ya janye," ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"To Gudrun, kawo sukudireba. Yau ni ne farin wata mai jan ruwan teku, ni zan janye ruwan."

Gudrun ta dubi ƙasa, ta dube ni, sai ta kwasa da gudu. Matsala ɗaya, hannuwana biyu suna ƙarƙashin Tove.

"Fasto, zo ki karɓe ni."

"Tsaya, tsaya!" in ji Orla. "Fasto a jikin jirgi? Kuma mace? Ubana da ya ji wannan…"

"Baba Orla, ko ita ta riƙe, ko kai ka riƙe ɓangare biyu."

Ya yi tunani na tsawon numfashi ɗaya. "Bismillah, Fasto. Ki sa hannu nan ƙasa. Allah ya yi miki albarka, ke da duk matan duniya."

Ta naɗe hannun riga ta shiga wurina, kwalanta yana gogar igiyoyi. Na rarrafa ƙarƙashin hancin jirgi na kama kwance kusoshi. Daga ciki sai ga murya, wadda ta koya wa rabin garin nan karatu da tsawa.

"Esben! Me kake yi wa hanyata?"

"Aro nake, Malama!"

"Ka mayar da ita kafin a gama, in ba haka ba a gidanku zan kwana!"

Kusa ta ƙarshe ta yi gardama, ta ci tsatsa, sai da Gudrun ta taka katakon na murɗa da hannu biyu. Muka zare shi muka jingine a bango. Ga tafkina nan, yana nan yadda na bar shi, sumul, har da wani tsohon tsinken ashana a lungu. Ban ce nawa ba ne, amma ban ce ba nawa ba ne.

Aka matso da Tove. Kan jigo yana gab da dutse, gindi yana gab da lotsawa. Zai yiwu, amma da kaurin takarda. Kuma ƙofar ƙunci ce, masu ɗauka ba sa ganin ƙasa. Dole wani ya shiga ciki, ya durƙusa, ya sa ido a kan gindin yana ba da umarni.

Na miƙe na karkaɗe gwiwa, na ɗaga murya yadda benci zai ji.

"To, ni zan shiga in ja ragamar. Ku dai ku bi abin da na ce. In na ce hagu… tsaya, hagu ita ce wannan ko wannan? Ba komai, in ta ɗan gogu kaɗan ai fenti ne, a shafa wani."

Ban rufe baki ba aka fizgo ni ta wuyan riga.

"Kai? Kai da ko cokalin askirim ba ka iya riƙewa daidai ba? Matsa can!"

Ya cilla mini hularsa. Ya raɓa ta gefen jirgi, ya juya baya, ya durƙusa da gwiwoyin nan da suka yi ritaya, ya sa kumatu kusan a ƙasa. Idonsa a kan gindin Tove, ba ya ganin komai sai shi.

"Taho. A hankali. Orla, sauke kaɗan. Kaɗan na ce, ba ka zubar ba! Fasto, hannunki ya fi nasa, riƙe haka. Taho. Taho. Ebbe, kada ka yi numfashi."

Yana magana yana ja da baya da gwiwa. Shi ai ba jirgi ba ne, doka ba ta hau kansa ba. Gindi ya shiga lotsawar kamar don shi aka yi ta, haske siriri yana wucewa tsakaninsa da dutse. A sama 'yar tutar kan jigo ta shafi farar ƙasa, gari ya ɗan zubo a sanƙon Orla.

Ta wuce.

Amma Kaftin bai tsaya ba, don bai yarda da kowa ba. Ya miƙe yana tafiya da baya-baya a tsakiyar coci, hannu biyu a sama, yana ta faɗa. "Ɗaga yanzu. Daidaita. Palle, kai ne kake ja hagu. Taho, taho, saura kaɗan." Jama'a sun miƙe tsaye, waƙar da suka yi ta maimaitawa har ta gundure su yanzu suna rera ta kamar yau suka fara jin ta, shi kuwa bai ma san ana yi ba. Sai da igiyar da ke saukowa daga rufi ta taɓa masa ƙeya. Ya kama ta, ya ɗaura a ƙugiyar jirgi da ƙullinsa na masunta, ya ja ya tabbatar.

Sannan ya ɗago kai.

Na ga lokacin da ya gane inda yake. Ya dubi bagade. Ya dubi mumbari. Ya dubi zanen shaiɗanin nan na bango da aka tono daga ƙarƙashin farar ƙasa, mai hanci irin na Orla sak. Ya dubi benci na uku kusa da ginshiƙi, inda mamata ke tsaye ta toshe baki da hannu, gefenta wuri ɗaya babu kowa.

Na matso na miƙa masa hularsa.

"Mai Askirim," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka san hagu da dama sarai."

"Ni? Sai dai in an nuna mini."

"Ɗan banza." Ya riƙe hannuna da ƙarfi har ya yi zafi, bai saki da wuri ba.

Gudrun ta hau sama ta fara naɗe igiya. Tove ta tashi a hankali, tana juyi. Ta kai inda za ta tsaya, sai ga hancinta yana kallon ƙofa. Orla ya fara motsa baki. Jirgin coci ya juya wa bagade baya, wannan ko a mafarki ba a so.

Ta ɗan tsaya haka. Sannan igiya ta warware kanta, ta ci gaba da juyowa, sannu sannu, ta wuce tagogi, ta wuce shaiɗan, ta tsaya cif tana kallon bagade.

"Haka take," in ji Kaftin, da ƙarfin da har na baya suka ji. "Sai ta duba wa ya zo, wa bai zo ba."

Dariya ta ɓarke, har Fasto sai da ta riƙe kwalanta. Shi kuwa ya taka zuwa benci na uku ya zauna kusa da 'yarsa, kamar jiya ya tashi daga wurin.

Ni ban ji wa'azin ba, ina bakin ƙofa ina mayar da katakon Malama Ingeborg, ita kuma ta juyo da kekenta tana ƙirga mini kusoshi da ido. Kafin in rufe, na zuba ɗan ruwan furanni a tafkin. Gudrun ta gani ta kau da kai.

Bayan an tashi aka sha kofi da kek a farfajiya. Mutanen tsallake suka ce jirgin ba laifi, sai dai ya ɗan yi girma. Orla ya ba kowa labarin yadda tun a kwata ya hango matsalar, da yadda shi ya ba da shawarar a kira Fasto.

Lahadin da ta biyo na je don in gani da idona. Matashin Kaftin yana kan bencin zaure, kyanwar Gudrun ta gaje shi. Shi kuwa yana ciki, benci na uku, ya harɗe hannu. Na zauna kusa da shi. Wa'azi ya yi nisa sai ya karkato.

"Kullum haka take daɗewa?"

"Kullum."

"A zaure mutum yana iya sulalewa."

"To tashi mana, Kaftin. Ga ƙofa can."

Ya ɗaga ido sama, inda Tove ke ɗan lilo a kanmu.

"Kana hauka? Tana kallo."